Kwanon Kawu a Ɗakin Mai Gadi

Talata: Gwaram zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na leƙa ɗakin Inna na yi mata sallama. Ta miƙo mini ƙullin daddawa da kuka, ta ce in kai wa ƙanenta, Kawu Isa, da ke Mararaba a gefen Abuja. Ba ta tambayi inda zan sauka ba, don duk ɗan gidanmu da ya je Abuja gidan Kawu ne masaukinsa. Shi ya riƙe ni ina sakandare a Birnin Kudu. Sunan mahaifinsa na ci, saboda haka tun ina rarrafe "Babana" yake kirana.

Ni kuwa na riga na yanke shawarata. Masu shirya taron malaman gona sun ba mu zaɓi tsakanin otal biyu, irin masu rassa a ƙasashe, kowanne da falon manyan baƙi a sama. Mako guda na yi ina auna su a waya kamar mai cinikin saniya.

Bakwai saura muka iso tashar Birnin Kudu, abokin aikina Malam Habu ya shigo da jakarsa. Tun kafin shingen 'yan sanda na Kwanar Huguma muka fara musu. Shi ya zaɓi otal na farko: falonsa a hawa na huɗu yake, shayi da dabino ne kawai, amma an yarda ka shiga da baƙo ɗaya. Nawa yana hawa na goma sha ɗaya, da gasasshen kifi kullum da yamma, ga gari a shimfiɗe a ƙarƙashinka, sai dai ƙofar ba ta buɗuwa sai da katin ɗaki, kuma ba a shiga da kowa. Habu ya ce mai dangi a gari bai kamata ya zaɓi inda ba a karɓar baƙo ba. Na ce masa taro zan je, ba zumunci ba. Direba ya ce, "Malam, shayi ai shayi ne, ko a sama ko a ƙasa."

Tara da kwata muka sauka Kano muka sauya mota. Mun ci shinkafa da wake a Kaduna bayan azahar, muka shiga Abuja ana kiran magariba, ƙafafuna duk sun kumbura.

Laraba: Hawa na goma sha ɗaya

Da safe na kira Kawu na ce aiki ya yi yawa, an sauke mu a otal. Ya ce, "To, Babana, Allah ya taimaka. Wane otal ne?" Na faɗa masa.

Ƙarfe huɗu aka tashi taro, na haye falon. Gaskiya ba su yi ƙarya ba: kujeru masu laushi, sanyi, kifi da zafinsa. Amma kowa ya dunƙule da wayarsa, ka yi sallama ba mai amsawa. Ina cikin cin kifi wayata ta yi haske, na ga sunan Kawu. Na ce a raina cewa zai yi in zo Mararaba, ga cunkoson mota. Na kife wayar, na ƙaro shayi. Ban sauko ba sai bayan magariba.

Alhamis: Bakin ƙofa

Zan fita da safe mai gadi ya tare ni. Mutumin Azare ne, dattijo. Ya fito da kwano ɗaure cikin tsumma, ya ce jiya wani tsoho ya zo da shi, mota biyu ya hau kafin ya iso. An ce masa ba a shiga da abincin waje. An buga waya ɗakina ba a same ni ba, aka ce ƙila ina falon sama, shi kuma ba zai iya hawa ba. Daga la'asar har magariba yana tsugune a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa.

"Da zai tafi ya ce a ba Babansa, kada ya kwana da abincin baƙi kaɗai a cikinsa."

Na sha ganin Kawu yana aika wa baƙon unguwa abinci ko ba a gidansa ya sauka ba, amma ban kawo a raina zai ɗauko da kansa ba. Na buɗe kwanon: tuwon dawa ne da miyar kuka, ya riga ya yi tsami. Kunya ta rufe ni, ban fahimci komai a taron ranar ba. Falon ma ban sake hawa ba.

Juma'a: Mararaba

Na wanke kwanon, na sa saƙon Inna a ciki, na isa gidan Kawu ƙarfe goma na safe. Yana kan tabarma a zaure. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba, ya jawo mini kujera.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Da ma marina ya yi. Na fara ba da haƙuri, ya ce ba komai, aiki ya fi gaban wasa. Ya tambayi Inna, ya tambayi damina, ya yaba daddawar. Can ya ce an gaya masa daga falon nan ana ganin garin gaba ɗaya. Na ce haka ne.

"Ana hango bakin ƙofa kuwa?"

Lokacin sallar Juma'a ya yi. Muka je masallaci tare, muka dawo, na roƙi in kwana. Ya ce ɗakin baƙi yana nan a share tun ranar Talata.

Asabar: Gida

Shida na safe na bar Mararaba, na iso Kano ƙarfe biyu, Birnin Kudu biyar saura. Ana kiran isha'i na shiga Gwaram. Inna ta tambayi ko Kawu ya kula da ni, na ce fiye da yadda na cancanta. Ta dube ni kawai.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa direbobin da suka ɗauke ni, da dattijon nan na Azare da ya adana kwanon. Kafin in cire takalmi na kira Kawu in sanar da shi na sauka, ina fata in ji tsohon sunana. Ya ɗauka a bugu na farko.

"Madalla," in ji shi. "A huta gajiya, ranka ya daɗe."