Ni Na Zaɓi Kwantirolar da Ta Ƙona Hannun 'Yata

A lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran fanka ne a Mando, har yanzu ma shi nake yi. Firamare kawai na yi, sauran ilmina na naɗin kwail ne, wato wayar da ake naɗawa a cikin moton fanka. Na daɗe a sana'ar har na kai inda ba na son kowa ya gaya mini komai game da moto, balle a ce wanda na haifa. Edita, in rubutun ya karkace ka gyara, amma ka bar maganar yadda take.

'Yata ta biyu tana sakandare a Malali. Malaminsu na kimiyya ya haɗa musu ƙungiya suna ƙera ƙananan robot, kowanne bai fi kwanon sha girma ba, a saka biyu cikin akwati su yi ta ture juna har ɗaya ya kasa motsi. Da ta fara ba ni labari na ce wato damben waɗanda ba sa son a fasa musu baki ke nan. Ta ce ko ma mene ne ita tana so. Uwarta tun farko ba ta yarda ba, ta ce ita ba ta ga haɗin 'ya mace da batir da wuta ba. Ni na tsaya wa yarinyar, na ce a gidan mai gyaran lantarki me zai faru.

Ta haɗa komai da hannunta, saura abin da suke kira kwantirola. Ɗan allo ne kamar kwalin ashana, yana zama tsakanin batir da moton taya, shi ke karɓar umarnin rimot ya sa moto ya yi sauri, ya rage, ko ya koma baya. Ta ce malaminsu ya ce a nemi mai ɗaukar wuta sosai, wanda ya ninka lambar da ke jikin moton. Na juya moton na karanta lambar, na yi dariya, na ce abin da bai kai babban yatsana ba me zai ja. Ta ce ai a wajen faɗa abin daban ne. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake cin abinci da moto. A babbar kasuwa ma mai shagon ya miƙo mini babba, yana cewa Alhaji ai na robot ɗin faɗa ka ce. Na ce masa ni ba Alhaji ba ne, kuma ƙaramin da ya yi daidai da lambar moton zai ba ni.

Da na liƙa wayoyin muka ɗaga robot ɗin sama, tayoyi suna gudu lafiya lau, na dube ta na ce yanzu wa ya fi wani sani. Ran Asabar bayan la'asar ta ce za ta gwada ƙarfin turinsa, ta saita shi da turmin uwarta a tsakar gida. Ya doki turmin, tayoyin suka tsaya cak, ita kuma tana ta danna rimot gaba. Warin ne ya fara zuwa mini, warin da na sani kamar sunana. Kafin in buɗe baki hayaƙi ya taso. Ban sa masa makunni a waje ba, don haka ta kai hannu ciki ta fizgo wayar batir, robar wayar kuwa ta riga ta narke. Yatsunta uku suka ƙone. Batirin ya kumbura yana huci, ni na tsaya kamar an dasa ni. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gyaran jirgi a sojan sama, shi ya ji ihun ƙannenta ya shigo, ya kore mu baya, ya ɗebo yashin gini da shebur ya binne abin. Shi ya kai mu asibiti a motarsa.

Da muka dawo uwarta ta ce an gama, ba robot ba ƙungiya, kuma duk wanda ya sake shigo mata da batir gida zai gamu da ita. Sai na ji yarinyar, da hannu a naɗe, tana ce wa uwarta ita ce ta haɗa waya ba daidai ba, Baba ba ruwansa. Ina zaune ina ji. Na bar ta da laifin har aka kwance bandeji. Ba ta yi mini fushi ba, ruwan alwalata ma da ɗaya hannun take kawo mini, sai dai ta daina ba ni labarin makaranta.

Dattijon ne ya tare ni wata rana bayan mun fito masallaci. Ya ce malam mai fanka, in bushin da sandar moto ke juyawa a cikinsa ya cije, fanka ta kasa juyawa, aka bar ta a kunne, me ke faruwa. Na ce kwail ya ƙone mana, ai da shi nake ciyar da gida. Ya ce to robot ɗin faɗa rabin rayuwarsa a cije yake, lambar da na karanta ta lokacin da moto ke gudu ba kaya ce, in an tare shi kuwa wutar da yake ja ta ninka sau da yawa. Abin da nake gaya wa kwastomomi kullum ke nan. Ya ƙara da cewa ya ga aikin yarinyar, wayarta ko ɗaya ba ta kauce ba, sauran ni da Allah.

Ranar na gaya wa uwargida gaskiya a gaban yarinyar. Uwargidan ta ce ai ta sani, wanda ya ƙi tambayar hanya a Kawo har muka kusa kaiwa Zariya ba shi zai saurari yarinya ba, jira take ta ga yaushe zan faɗa. Ta ce a ci gaba, da sharaɗin yarinya da dattijon su zaɓi kaya, ni aikina liƙa waya. Haka aka yi. Suka riƙe tayar na ɗan lokaci suka auna wutar da mita, suka sayi kwantirolar da ta wuce wannan lambar, mai yanke wuta da kanta in ta yi zafi, suka sa fiyus da makunni a waje. A gasar makarantarsu an kifar da nata tun da wuri, amma bai ƙone ba, har aka tashi yana aiki, ta dawo tana ba ni labari tun daga ƙofar gida ba ta ko cire takalmi ba.

Na gode wa Allah da ya tsayar da abin a yatsu, bai kai fuska ba. Na gode wa dattijon nan da bai kunyata ni a gaban jama'a ba, da yarinyar da ta rufa mini asiri alhali ni ya kamata in rufa mata. Duk mai haɗa irin wannan abu, kada ya zaɓi kwantirola da lambar moto yana gudu, ya auna shi a cije, ya sa fiyus, ya sa makunnin da hannu zai kai ba sai an shiga ciki ba. Iyaye 'yan'uwana masu sana'ar hannu kuwa, in yaro ya ce abin daban ne, ku tambaye shi ta yaya. Ni ban tambaya ba, kuma tabon ba a hannuna ya fito ba.