Allon Wasan Da Yaya Ta Wanke Ta Sha

Duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na kusa da Suki ya san hannuna bai saba da komai ba sai alƙalamin kara da fartanya. Amma shekarar da jikata ta shiga sakandare, ustazarsu ta kwamfuta ta ce kowace ɗaliba ta ƙera abu da hannunta, a kawo ranar Alhamis a ba da maki. Tawa ta zaɓi akwatin wasa mai sanda da maɓallai, irin wanda ake dannawa ɗan mutumin cikin kwamfuta ya yi gudu ko tsalle.

Cikin akwatin duk aikinta ne. Ta farke wani mataccen kibod ta jona wayoyinsa da makunnan ƙararrawar ƙofa. Sandar kuwa guntun muciyar uwarta ce, wadda uwar ke nema har yau. Murfi kaɗai ya rage, sai ta zo gare ni.

"Tsoho, ba ni allo ɗaya."

"Amarya, allo ba abin wasa ba ne."

"Sabo nake so, wanda ba a taɓa rubuta aya a kansa ba. Ka yi mini zayyana irin ta masu sauka. Ko hannun ya tsufa ne?"

Da wannan ta kama ni. Ranar Talata da safe ta auna inda kafinta zai huda, ni kuma na zagaye kowane wuri da tawada, na rubuta aikinsa da ajami: hagu, dama, gudu, tsalle, naushi. Na ƙawata gefe da ja da rawaya. Ita ta tafi makaranta, ni na jingina allon a gindin rumfa ya bushe, na tafi gona buɗe wa dawa ruwa.

Abin da na manta shi ne yayata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Mako uku tana bina in yi mata rubutun ciwon gwiwa, ina cewa gobe. Kuma duk ranar da na yi mata, a gindin rumfar nan nake ajiye allon. Ba ta karatu, hannuna kawai ta sani.

Na dawo gab da azahar na tarar da jikata zaune da farin allo a cinya, idanu jawur. Zayyana ta tafi, awo ya tafi, ga Alhamis saura kwana biyu. Yaya kuwa tana ratsa tsakar gida da tiren kofi, ba sanda.

"Malam, Allah ya saka maka. Wannan karon har da hatimai ka sa."

Na ƙifta wa yarinyar ido ta yi shiru. Allah ya yafe mini, na gyara zama.

"Yaya, kin shanye duka?"

"Tas. Sauran na shafa a gwiwa."

"Kin ji kamar ki yi gudu?"

"Wallahi kamar haka."

"Tsalle fa?"

Nan jikata ta kasa riƙewa, dariya ta fito mata tare da hawaye, ta kira Yaya da sunan da yaranmu ke kiran kaka. "Haboba, wasana kika sha!"

Da Yaya ta fahimta, ta ajiye tire a hankali, ta dunƙule hannu ta nufo ni. Na ce alhamdulillahi, ga naushin ma ya fara aiki. Takalmi ne ya same ni a kafaɗa.

Da ta huce sai ta ce, "Laifin wa? Tawadarka don a wanke aka yi ta. Yara su yi ta dannawa da gumin hannu, me zai rage kafin ustaza ta gani?"

Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru ina rubuta abin da za a wanke, ban taɓa tunanin abin da zai zauna ba.

Yaya ta fito da ƙarafan da take zanen ƙwarya da su, ta sa a gawayi. Jikata ta sake awo, na sake rubutu, Yaya ta bi hannuna da ƙarfe mai zafi, harafi bayan harafi, tana mita hayaƙi na tashi. A gefe ta yi zanen ƙoren amare, wanda ya fi nawa kyau, ko da yake ban faɗa mata ba. Laraba kafinta ya huda.

Ranar Alhamis, in ji jikata, ɗalibai sun yi layi suna dukan maɓallai har aka tashi, ko ɗigo bai goge ba. Ta samu makinta cikakke.

Na yi istigfari, na yi wa Yaya rubutu na gaskiya. Amma tun daga ranar, duk allon da na ajiye sai ta kai wa jikata ta karanta mata tukuna. Kuma har yanzu tana gaya wa maƙwabta na farkon ya fi aiki. Ni dai na ce waraka ta Allah ce.