Malam Meshak Azariya, Malamin da Ya Nemi Sunan Uwarsa a Takarda

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Malam Meshak Azariya ranar Alhamis, 14 ga watan Afrilu, shekara ta 1949, a ƙarƙashin rumfar fasinjoji ta tashar jirgin ƙasa da ke Kafanchan. Mahaifinsa, Azariya, manomi ne mutumin Manchok, wanda a lokacin yake aikin haƙar kuza a ƙasar Jos. Mahaifiyarsa kuwa sunanta Afiniki, sana'arta kai busasshiyar citta kasuwa. Wajibi ne a faɗa tun daga farko cewa wannan rana da wannan wuri, shi kansa bai san su ba sai da ya haura shekara saba'in.

Afiniki ta rasu yana ɗan ƙarami, tana cikin ajin baftisma, saura wata biyu a rubuta sunanta a littafin ikilisiya. Ba ta bar hoto ba, ba a kuma sa alama a kabarinta ba. Duk abin da mahaifinsa ya iya gaya masa shi ne a hanya aka haife shi, shekarar da ƙanƙara ta kashe gero, alhali kuwa dattawan Manchok suna tuna irin wannan shekara har guda uku, kowa da tasa. Abin da ya rage wa yaron game da ita abu ɗaya ne tak: wani shuɗin zane mai fararen tsuntsaye, da ƙamshin citta, da motsin bayan mace tana tafiya da shi a goye. Ya tashi bai iya rarrabewa ko tunawa yake yi, ko mafarki ne ya taɓa yi ya riƙe.

Karatu

A wancan zamani ba a tambayar takardar haihuwa a makarantar mishan. Yaro zai ɗora hannu ta bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓo, to, ya isa shiga aji. Meshak ya kasance mai ƙaramin jiki da babban kai, don haka shekara uku a jere ana mayar da shi gida kiwon awaki. A 1959 yatsansa ya kai, malami ya rubuta masa shekara shida ba tare da wani bincike ba. Daga nan ne 1 ga Janairu, 1953, ta zama ranar haihuwarsa a kowace takarda, ya yi tarayya da rabin ajinsu a cikinta.

Malamansa sun shaide shi da ƙwazo, sai dai sun koka da yawan zurfin tunani, domin da zarar jirgin Jos ya yi kuka daga nesa, hankalinsa ya bi shi ke nan har a kaɗa ƙararrawa. Ya kammala firamare a 1966, ya shiga kwalejin horon malamai, daga bisani kuma ya yi karatun tarihi a Zariya.

Aikin Koyarwa

Ya fara koyarwa a 1974 a Zangon Kataf, aka mayar da shi Kujama a 1981, sannan Kafanchan a 1988, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa. Tun a shekarun farko ya lura cewa yara suna haddace ranar da aka ƙirƙiri jiha da ranar da aka sauya mata suna zuwa Kaduna, amma ba wanda ya ɗauka cewa abin ya shafi gidansu. Sai ya kafa wata ƙa'ida da ta zama tambarinsa: kowane ɗalibi ya zo da takarda ɗaya daga gida wadda ta girmi mahaifinsa ko ta kusa, a shimfiɗa ta a tebur, aji ya amsa tambaya uku a kanta: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Sharaɗin da bai taɓa sassautawa ba shi ne a mayar da kowace takarda gidansu a rana ta bakwai, ko da ta zinariya ce.

Ta haka tikitin jirgi, da katin baftisma, da wasiƙar sojan da ya je yaƙin Bama, da takardar sallamar leburan kuza suka riƙa shigowa aji a cikin ledar burodi. Yara suka gano cewa layin dogo ne ya tara Kafanchan, domin sun ga sunayen mutanen kudu da na arewa a kan takarda guda. Wanda duk ya ce kakarsa ce ta ba shi labari, sai Malam ya sa a rubuto maganar da sunan tsohuwar da kwanan wata, don ita ma ta zama shaida. Ya saba cewa, “Abin da ba shi da shaida, sunansa mafarki.” Ɗalibai suka yi masa laƙabi da Malam Wa-Ya-Rubuta, ya kuma amsa.

A ranar farko ta kowane sabon aji yakan gaya wa yara gaskiyarsa, cewa shi da ke koya musu shaida ba shi da ko layi ɗaya da ya nuna uwarsa ta taɓa rayuwa, kuma duk wanda ya ga sunan Afiniki ta Manchok a wata tsohuwar takarda, ya taimaka ya kawo. Yara kan yi dariya da farko, sai su ga shi ba dariya yake yi ba. Shi kansa ya yi hutu da dama a gidan adana takardun tarihi da ke Kaduna, inda ya iske matan ƙauye na wancan zamani adadinsu ake rubutawa, ba sunayensu ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai.

Aure da Iyali

Ya auri Miriyam, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro, a watan Disamba na 1978. Ita ce ta jure wa kwalaye a ƙarƙashin gado da yaƙi da gara na shekara arba'in. Takan faɗa wa matan zumunta cewa, “Maigida ya auri takarda kafin ya aure ni, ni na zo na same ta a ɗaki.” 'Yarsu ta fari ya raɗa mata suna Afiniki, ya tsaya a kan magatakardan majami'a har sai da ya ga an rubuta sunan harafi bayan harafi.

Ritaya

Ya ajiye aiki a 2009 bayan hidimar shekara talatin da biyar, a daidai lokacin da aka janye tarihi daga manhajar ƙananan azuzuwa. Bai yi ƙorafi a bainar jama'a ba, sai ya ci gaba da karɓar yara ranar Asabar a barandar gidansa. Da yamma kuma yakan taka zuwa tasha, inda ciyawa ta fara rufe dogo, ya zauna a kan tsohon benci yana kallon tsaunukan Kagoro har su yi shuɗi su ɓace. In an tambaye shi abin da yake jira, sai ya ce shi ma bai sani ba, wurin dai yana yi masa daɗi.

Littafin Raphael

Da aka dawo da darasin tarihi, wata tsohuwar ɗalibarsa, Malama Yemima Bartholomew, ta farfaɗo da ƙa'idar takarda ɗaya a makarantarsu. A watan Maris na 2022 wata ɗaliba mai suna Munachi ta kawo littafin da kakanta Raphael, akawun tasha a wancan zamani, yake rubuta al'amuran yau da kullum a ciki. Iyalin sun bar garin a tashin hankalin 1966, wani maƙwabci ya ɓoye musu akwatinsu a rufin ɗaki har suka dawo a 1971. Malama Yemima tana karanta wa aji wani shafi, sai ta ci karo da wani suna da ta sani. Ranar ba a ƙarasa darasi ba, ta ɗauki yarinyar da littafin a babur zuwa gidan Malam, wanda a lokacin ciwo ya kwantar da shi, idonsa kuma ya yi rauni.

Munachi ta durƙusa a gefen gado ta ce, “Baba, sunan mama naka yana nan. Kaka na ne ya rubuta.” Raphael ya rubuta cewa ranar 14 ga Afrilu, 1949, wata mai citta, Afiniki ta Manchok, ta haifi ɗa namiji tana jiran jirgin yamma, matarsa Ogochukwu ce ta karɓi haihuwar, ta kuma ba ta zanenta shuɗi mai fararen tsuntsaye don ta naɗe jaririn. Malam ya sa aka maimaita masa layin zanen sau uku. Sannan ya juya wajen matarsa ya ce, “Miriyam, ashe ba mafarki na yi ba.” Ya yi kuka a gaban ɗalibar, bai ɓoye ba.

Onyedikachukwu, mahaifin Munachi, ya aiko cewa sun bar masa littafin kyauta. Malam ya kwana shida da shi a ƙarƙashin matashi, a rana ta bakwai ya sa aka naɗe shi aka mayar gidansu.

Rasuwa da Jana'iza

Malam Meshak Azariya ya yi barci cikin Ubangiji ranar Talata, 9 ga Agusta, 2022, a gidansa da ke Kafanchan, yana da shekara saba'in da uku, ba sittin da tara ba kamar yadda takardun aikinsa suka nuna. An yi sujadar jana'iza a Manchok ranar Asabar, 20 ga watan, aka binne shi a bayan gidan mahaifinsa, tsofaffin ɗalibansa suka cika fili. Ya bar matarsa Miriyam, da 'ya'ya huɗu: Afiniki, Nelson, Asher da Christopher, da jikoki tara. Bisa wasiyyarsa, ba a rubuta muƙami ko digiri a kan kabarinsa ba. An rubuta ranar haihuwarsa ta gaskiya, a ƙarƙashin sunansa kuma aka sassaƙa kalma biyu a dutse, inda gara ba ta ci: Ɗan Afiniki.