Tampol ɗina da sandar Inna

Hadari ya haɗu a kasuwar Kebbe, ni kuwa ina zaune ina hura hanci. A satin nan na ɗinka wa tampol ɗina buhunan taki fuɗu, rumfa ta yi faɗi, sukari da gishirina duk sun samu mafaka.

Wata Inna Bafulatana mai nono, wadda na hana ta raɓawa a rumfar da safe, ta ɗaga kai ta ce, "Kaɗo, wa ya ɗaure maka wanga abu a shimfiɗe awa tabarma?"

Na ce, "Inna, ki ji da ƙwaryarki."

Ruwa na saukowa, tampol ya yi ciki saitin buhun sukari, ɗinkin ya fara ɗiga. Kafin in gama salati, Inna ta fizge sandar wani makiyayi ta tokare tsakiya, ruwan ya kwarara baya.

Ta dube ni. "Yanzu akwai wurin ƙwarya, ko in saki?"

Na ce, "Haba Inna, har tabarma akwai!"

Tun ranar, ni da ɗinki, ita da inuwa. Jama'a, wa ya ci kasuwa tsakaninmu?