Sakamakon da Tambari Tela Ya Roƙa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Gawon Nama ya san Malam Tambari. Shekara talatin da biyu yana kan keke ɗaya a shago ɗaya, har tafin ƙafarsa ya cinye fentin matakin. Jikan malamai ne. Kakansa ya karantar a zaure, ubansa ya yi limanci, shi kuwa da karatu bai yi masa nisa ba sai ya kama almakashi. Duk da haka gado bai sake shi ba, in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba. Ga kunya kamar me! Ko awon mace ba ya yi, sai dai ta aiko da tsohuwar riga a gwada.

To, irin wannan bawan Allah, ciwo ya rasa inda zai kama shi sai dubura.

Da jini abin ya fara. Tambari ya ce basir ne, kowa ma ya ce basir ne. A garin nan ai in ba zazzaɓi ba ne to basir ne, balle tela mai wuni a zaune. Ya sha jiƙon Na'Allah, mai maganin nan da ke zagaya unguwa da lasifika a kan mota. Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, ya zauna cikin ruwan ɗumi, wata goma sha huɗu cur. Ba zafin ne ma ya kai shi asibiti ba. Wata La'asar ce yana jan salla, sahu uku a bayansa, ya ji jini ya jiƙa masa wando. Ya jawo na bayansa gaba, ya fita riƙe da hanci kamar mai haɓo. Washegari matarsa Habiba ta sa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba za ta zauna ba sai sun ga likita.

Likitan, Dakta Junaid, bai wuce sa'ar ɗan Tambari na fari ba, kuma shi ya duba wurin da idonsa. Aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji. Da suka koma, ya zaunar da su.

"Baba, ciwon daji ne," in ji shi. "Akwai magani, gashi da na'ura da kuma ruwan magani ta jijiya. Amma zan aika tsokar nan a ƙara mata wani gwaji. Akwai alamar da muke nema a cikinta. In an same ta, galibi wata ƙwayar cuta ce ta jawo ciwon, kuma irin wannan ya fi jin magani. In babu ita, ciwon ya fi taurin kai."

Tambari ya ce, "Ita ƙwayar, ta ina taka shiga mutum?"

"Ta kusantar namiji da mace, ko duk wata kusanta irin wannan. Mutane da yawa sun ɗauke ta ba su sani ba, har a gidan aure, kuma tana iya shekaru a ɓoye. Ba shaidar laifin kowa ba ce, Baba."

Ya ji, wallahi duk ya ji, ba wanda zai ce bai gane ba. Amma tun kafin su kai bakin titi ya riga ya haɗa biyu da biyu irin yadda 'yan majalisar ƙofar shagonsa za su haɗa: ga irin ƙwayar, ga kuma wurin da ciwon ya fito. Ya san bakinsu sarai, da shi ake zama. Ɗan liman, mai jan salla, mai 'ya'ya mata uku a gida ba a ɗaura wa ko ɗaya aure ba.

Sati uku aka ce su jira. Tambari ya rame ya zama kamar ba shi ba. Tsoro biyu ke cinsa, ya rasa wanda ya fi. Akwai bandir ɗin farin yadi a saman kanta, wanda yake yanka wa maƙwabta likkafani in an yi rasuwa. Da, ko kallonsa ba ya yi. Yanzu da ya ɗaga kai sai ya ga kansa yana ƙiyasta tsawonsa a ciki, sai zare ya ƙi shiga allura. In kuma wani ya yi dariya a majalisa, sai ya ɗauka maganar ta fita.

A gida Habiba ba ta ce masa uffan ba kan batun ƙwayar. Ta dafa, ta wanke masa wanduna da kanta don kada yara su gani. Wannan shirun ya fi komai razana shi. Me take zato? Ya kasa tambaya.

Wurin sujada ne abin ya fi tsanani, don can ba a kwana-kwana, dole mutum ya faɗi abin da yake so. Kwana biyar yana cewa Allah ya zaɓa mafi alheri, ya tashi da sauri. A na shida ya daure ya zaɓa da kansa. Ya ce, ya Rabbi, kada a samu alamar nan. Ranar Juma'a ya sa aka soya waina, aka raba sadaka, ya ce wa liman yana da buƙata, a sa shi a addu'a. Jama'a suka shafa, ba wanda ya san me ya ce wa amin.

Ranar Talata da hantsi suka koma. Dakta Junaid ya buɗe takarda, ya daɗe yana dubawa, bai yi murmushi ba.

"Ba a samu alamar ba, Baba."

"Alhamdu lillahi!" Kafin Tambari ya kama bakinsa ta fita, da ƙarfi kuwa. Ya juya wurin Habiba, so yake ta ga an wanke shi.

Ita kuwa ta dafe bakinta da mayafi, hawaye na zuba.

"Mi kaka godiya a kai, Malam?" ta ce. "Ni sati ukun ga azumi nika yi, ina roƙon Allah a same ta. Shekara talatin muna tare, takarda ce za ta hwaɗa min ko kai wane ne?"

Likita ya yi gyaran murya ya ce ba a fid da rai ba, akwai waɗanda ke warkewa a haka, Litinin za a fara gashi, sai dai za a sa ido sosai. Ya miƙo takardar. Tambari ya karɓa, ya duba, ya rasa wa zai nuna wa ita. Ba wanda ya taɓa tuhumarsa, ba wanda ma ya sani. Farin yadin nan ya faɗo masa a rai.

Ya ajiye takardar a kan tebur, ya tura ta a hankali gaban likita.

"Ɗana," ya ce, "ba a iya sake gwadawa? Wataƙila ba su duba da kyau ba."