Daɓen Gwauro

Shekara talatin da takwas Gencho yana haƙa a tudun kufan da ke bayan ƙauyensu, a bakin kogin Tunja. Gidaje ne bisa gidaje, na shekara dubu bakwai. Karatunsa bai wuce aji bakwai ba, amma masana tarihi nawa suka zo suka tafi suka bar shi da cokalin gininsa. Yanzu ido ya gaji, da ɗan yatsa yake karanta ƙasa.

Bana Dakta Tsvetana ce shugabar aikin, ga ilmi, ga saurin yanke hukunci. A wani ɗaki suka yanka daɓe, suka ƙirga shafen yumɓu hawa ashirin da biyu, kowanne sumul kamar ɓawon albasa. A samansu kuma uku masu kauri, duk gudaji, ƙaiƙayin da aka zuba a yumɓun ko cuɗuwa bai yi ba.

"Baƙi ne suka ƙwace gidan," in ji ta. "Hannun ba ɗaya ba ne. Haka zan rubuta."

"Hannu kam ba ɗaya ba ne, 'yata. Amma ina tokar gobara? Murhu ma yana inda yake."

"Baba Gencho, ƙasa ba ta ƙarya."

"Ita ba ta yi. Masu karanta ta dai."

Abin ya tsaya masa a rai. Maigidan nan ya mutu tun ba a san ƙarfe ba, amma Gencho bai yarda a mai da mutum baƙo a gidansa ba, a littafi kuma.

Da aka tashi aiki ya ja ta gida shan nono. Ɗakin girkinsa na ƙasa ne har yau, irin wanda mata ke shafewa da yumɓu duk shekara kafin bikin Ista. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya sa wuƙa ya ɓallo daɓen, ya miƙa mata.

"Ƙirga."

Ta sami arba'in da ɗaya sumul. Sai huɗu a sama, masu kauri, duk gudaji.

"Na ƙasan na matata Velika ne. Na saman nawa, tun da aka binne ta. Na yi iya yina. To, waɗanne baƙi ne suka ƙwace gidan nan?"

Tsvetana ta buɗe littafinta ta soke layin. Can ta ce, "Shi kuma maigidan can, bayan ukun fa?"

"Ba wanda ya sake shafewa." Ya mayar da ɓallin gurbinsa, ya danne da tafin hannu. "Ni dai na fi shi da ɗaya."