Fuskar Akwatin Saje Daudu

A ƙauyen Turawa in ka ce kana neman Lukumanu, sai a tambaye ka, mai gizago ko mai faɗa? Kuma duk mutum ɗaya ne. Masassaƙi ne ɗan masassaƙi, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ko gaisuwa yake amsawa kamar an taka masa ƙafa. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, jikin ganga, babu abin da bai sassaƙa ba. Ranar kasuwar Karaye yakan ɗora wa jaki kaya ya tafi, ya faɗi farashi sau ɗaya. In ka taya ƙasa ya juya maka ƙeya.

Amma fa mutum ne mai kunne. Bai taɓa sa wa itace gatari ba sai ya ƙwanƙwasa shi ya kara kunne ya ji abin da ke ciki. Makaɗa tun daga Rogo Ruma suke takowa su ba shi aikin ganga, su shanye masifarsa, don gangar da ya fafe ba ta dushewa. Matarsa Saude ta sha cewa da zai saurare ta rabin yadda yake sauraron kututture, da ta huta.

Bayan yaƙin Bama sojoji suka dawo gida, cikinsu har da Saje Daudu na Karaye, wanda ya ajiye kaki ya shiga sayen gyaɗa. Ya dawo da wani akwatin rediyo da ba ya magana a fili. A cikinsa akwai 'yan kwalabe da ke yin ja kamar garwashi in an kunna, kuma ba a jin komai sai an ɗora wasu baƙaƙen faifai biyu a kunne, masu baka ta saman kai. Mutum ɗaya ke ji, sauran su zuba wa fuskarsa ido. Wata rana akwatin ya zamo daga motar gyaɗa, gabansa ya tarwatse, wayoyi suka fito waje kamar hanji. Yana aiki, amma babu kyan gani. Saje ya aika a kira masa Lukumanu.

Aka gaisa a zaure, aka tambayi gida da gajiya da ruwan bana. Saje ya ce, "Baba Lukumanu, fuska nake so ka yi wa abin nan, ta katako. Ka faɗi ladanka."

Lukumanu ya daɗe yana kallon faifan nan biyu a rataye. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron itace, ga abu an ce muryar Kaduna da ta bayan teku na fitowa daga cikinsa.

"Saje, riƙe kuɗinka. In na gama, a nan zauren, ka ɗora mini wannan a kai in ji da kunnena. Shi ne ladana."

Mutanen zaure suka kwashe da dariya. Saje ma ya dara ya ce, "Haba Baba, wannan ai mai sauƙi ne. Jama'a ku shaida."

Lukumanu ya yi aikin kuwa. Ya ciro wani falankin maɗaci da ya daɗe yana tanadi don ƙofar ɗakinsa. Ya auna gurbin abubuwan murɗawa da tsinken kara, ya huda da ƙarfe mai zafi. Na farko ya tsage, ya wurgar da shi cikin murhu yana zagin kansa, ya sake. Ya fito da 'yar taga inda lambobi suke, ya zagaye gefen da zanen da mata ke yi wa ƙwarya, ya goge da yashi mai laushi, ya shafe da man kaɗanya har katakon ya yi ja yana ɗaukar ido. Masu jiran turmi suka gaji suka kai wa wani. Ciyawa ta cinye masa gefen gona. Saude ta yi magana, ya ce ta bar shi.

Ranar da ya kai, fuskar ta zauna daram kamar da ita aka ƙera akwatin. Sai dai batir ya mutu, sai an kawo sabo daga Kano. Wannan gaskiya ce, Lukumanu bai yi fushi ba. Ya koma gida yana ta wa Saude lissafin abin da zai ji.

Tsakanin tafiyarsa da dawowarsa aka yi abin. Wani basarake daga birni ya zo rangadi, ya ji labarin akwatin, ya biyo zauren Saje. Ya sassauta rawani, aka ɗora masa faifan, ya saurara yana gyaɗa kai, ya yaba aikin katakon ba tare da ya tambayi wanda ya yi ba. Yana fita, 'yan zaman zaure, waɗannan da ba su da sana'a sai gyara wa mai gida zance, suka ce ai abin da ya hau kan sarauta ba ya sauka kan talaka. Ko tabarmar da babba ya zauna naɗe ta ake yi, balle abin da ya taɓa kunnensa.

Saje kuwa maganar ta yi masa daɗi. Abin haushin ke nan! Mutumin da ya kwana cikin taɓo a dajin Bama, yana shan ruwa a gwangwani ɗaya da kowa, shi ne yau ya gano cewa kunne ma yana da daraja hawa-hawa. Daga nan sai manyan malamai da attajirai da masu rawani ke ɗora faifan.

Da kasuwa ta zagayo Lukumanu ya zo, aka ce Saje yana da baƙi. Ya sake zuwa, aka ce iska ba ta da kyau yau, abin ba ya kamawa. Ya sake zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon wani attajiri zaune gaban aikin hannunsa, ido a lumshe, yana murmushi. Ranar ce wani daga cikin 'yan zaure ya faɗa masa dalilin ƙiri-ƙiri, har da ba shi shawarar ya karɓi kuɗi ya rufa wa kansa asiri.

Ran Lukumanu ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Ya daka tsawa har masu awon gyaɗa suka tsaya.

"Saje! Fito ka faɗa mini da bakinka. Hannuna bai yi ƙazantar taɓa shi ba, sai kunnena?"

Saje bai fito ba. Sai da zaure ya watse bayan azahar ya leƙo, ya kama hannun tsohon, ya zagaya da shi ta ƙofar baya, ta wajen turken awaki, zuwa ɗakin da yake tara buhuna. Ya riga ya kai akwatin can. Ya tura ƙyaure, ya kunna, kwalaben suka fara ja.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ni ban manta alkawari ba, bakin mutane nake tsoro. Ga shi, ka ji iya son ranka. Amma ya tsaya tsakaninmu."

Ya miƙa masa faifan. Lukumanu ya karɓa da hannu biyu. Tun daga nan yana jin wani ɗan zuu siriri yana fitowa daga faifan, kamar ƙudan zuma cikin tulu, kuma a cikin zuu ɗin akwai mutum yana magana. Abin da ya rage kawai shi ne ya ɗaga hannu kaɗan ya kai kunne. Wallahi yana so. Bai taɓa son wani abu a duniya haka ba.

Ya dubi ƙyauren da aka rufe, ya dubi buhunan.

"A zaure ka ce jama'a su shaida," in ji shi. "Ni ba sata na zo yi ba."

Ya ajiye faifan a kan buhu a hankali, ya buɗe ƙofa, ya bi ta cikin gidan ya ratsa zauren ya fita ta gaba, inda kowa zai gan shi.

Saude ta ce masa wauta ya yi, wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Ya ci gaba da zuwa Karaye ranar kasuwa, in ya iso ƙofar Saje ya tsaya da jakinsa, ya yi sallama da ƙarfi, ya jira a ce ya shigo. Ba a taɓa cewa ba. Saje ya riƙa aiko masa da riga, da dawa, da ban haƙuri, duk ya mayar. Har kwalaben suka ƙone, akwatin ya mutu, aka ɗaga shi kan katanga don kyan fuskarsa.

Ana gab da samun mulkin kai rediyo mai magana a fili ya iso kasuwa. Mai shayi ya saya ya ƙure murya, kowa ya ji kyauta, mai rawani da mai tallan ƙuli-ƙuli. Mutane suka ce to Baba, ga abin ya zo har inda kake. Lukumanu ya tattara turamensa ya koma can ƙarshen kasuwa, wajen masu dabbobi, inda sautin ba ya kaiwa kuma masu saye ba sa yawan zuwa. A can ya ƙarasa shekarunsa yana faɗa da masu tayi. In aka tambaye shi me ya sa, sai ya ce shi ba sadaka yake jira ba, ladansa yake jira, kuma har yau ba a biya shi ba.